ZAƁEN UBANGIDA YA FI ZAƁEN MOTA WUYA

A cikin hutun Babbar Sallar da ta wuce, ɗan yayata ya same ni a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Kawu, na zo ne ka sa baki Inna ta bar ni in bi babbar mota." Yaron nan yana da takardar difiloma, shekara uku ke nan yana yawo da ita cikin ambulan daga wannan ofis zuwa wancan, har gefenta ya soma cinyewa. Uwarsa kuwa da jin zancen sai ta sa kuka, ta ce ba ta sayar da awakinta ta biya kuɗin makaranta don ɗanta ya zama karen mota ba. Ni dai ban goyi bayan kowa ba a ranar. Na ce a ba ni mako biyu in yi tambaya. Abin da na jiyo cikin makon nan biyu, a gareji da tasha da bakin tsofaffin direbobi, shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata da wuya a sami ma'aikacin Gwamnati mai karanta wannan shafi wanda ba shi da ƙane ko ɗa mai irin wannan tunani. A cikin ɗalibai ma akwai waɗanda nan da shekara biyu za su tsaya a daidai inda yaron nan ya tsaya.

Bari mu fara kawar da raini, domin shi ne ya ke hana mu ba yaranmu shawara mai amfani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama shi ya riƙa kwashe dalar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ta sukurkuce, nauyin duka sai ya koma kan titi. Haka kuma bututun man da aka shimfiɗa zuwa ma'ajiyoyin Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri ya daɗe ba ya aikin da aka yi shi dominsa, saboda haka man da mai karatu ya sha a babur ɗinsa yau da safe, a bayan tanka ya yi tafiyar kilomita dubu da ɗoriya kafin ya iso. Albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, da shanun Fataskum da Maigatari, da hatsin Dawanau, da simintin Obajana da Ashaka da Sakkwato, babu wanda ya ke isa inda a ke bukatarsa sai da direba. In manyan motoci suka tsaya mako guda, albashin babban sakatare kansa ba zai cika masa tukunya ba. Ba a banza marigayi Alhaji Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙa ba. A shekarun 1970 Gwamnati ta gane muhimmancin abin har ta sa aka kafa masana'antun haɗa manyan motoci, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Mercedes a Inugu. Sai dai an yi tunanin yadda za a ƙera mota, ba a yi tunanin yadda za a yi rainon wanda zai tuƙa ta ba. Wannan aikin an bar wa tasha, kuma har gobe a hannunta ya ke.

To, yaya tasha ta ke yin direba? Da bin mota. Yaro ya kan fara da wanke gilashi da duba ruwan lagireto da baƙin mai, da ɗaure tamfol, da dirowa a guje ya sa wa taya weji in an tsaya a kan hawa. Shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadin batir da safaya, shi ne mai sayo abinci, shi ne kuma mai shan zagi in an yi faci. Bayan wani lokaci a bar shi ya tayar da injin da asuba, sa'an nan ya gyara wa mota tsayuwa a gareji, sa'an nan ya koyi ribas da bodi, wanda shi ne jarrabawar gaske, kafin a ba shi sitiyari a miƙaƙƙen titi da rana in babu lodi. Saboda haka ubangidan yaro na farko ba mai mota ba ne, direban da zai bi ne, kuma a nan ne yawancin iyaye su ke yin sakaci. Su kan ji daɗi cewa an sami wanda zai ɗauki yaro, ba su tambayar ko wane ne shi. Alhali kuwa yaron zai zauna da mutumin nan a cikin ɗaki ɗaya mai faɗin tabarma, dare da rana, shekara biyu ko uku ko fiye. Abin da ya ga yana ci shi zai ci, abin da ya ga yana haɗiya shi zai haɗiya, inda ya ga yana kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ko Ogere nan zai koyi kwana. Babu makarantar kwana da ta ke da irin wannan iko a kan ɗalibinta.

Wani dattijo da ya yi tuƙi tun zamanin da a ke bin hannun hagu, watau kafin canjin da aka yi a watan Afrilu na 1972, ya ce mini direbobi iri biyu ne wajen riƙon yara. Akwai mai neman magaji, akwai mai neman bawa. Na ce, "Baba, ta yaya za a rarrabe su, tun da dukansu da fara'a za su karɓi yaro?" Ya ce abu ne mai sauƙi: a tambayi mutum yara nawa ya yaye, kuma ina su ke yanzu. Wanda ya yi shekara ashirin a kan hanya bai iya nuna mutum uku da za su ce a hannunsa suka koya ba, to, ba zai fara a kan ɗanka ba. Irinsu su ne masu riƙe yaro shekara bakwai da alkawarin gobe, domin ranar da ya iya tuƙi ranar ce za su rasa mai wanke musu riga. Na ga hikimar wannan magana, na kuma ga cewa ko a ofisoshinmu za ta yi aiki.

Sai batun lasin. Doka ta ajiye wa tirela aji nata na daban, watau aji G, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa shekara 26 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai neman lasin tuƙin haya. Kowa ya san akwai masu samun takardar ta bayan gida ba tare da an ga tuƙinsu ba. Ina jan kunnen kowane yaro da kada ya yarda da wannan gajeriyar hanya, ko da ubangidansa ne ya ce zai yi masa hanyarta. Ranar lafiya lasin jabu da na gaske duk ɗaya ne a idon ɗan sandan da ya ke jiran na goro. Ranar haɗari ne bambancin zai fito, sa'ad da kamfanin inshora zai janye jikinsa, mai mota ya ce bai san da zancen ba, alƙali kuma ya ga laifi biyu maimakon ɗaya.

Yanzu mu zo kan babbar magana, watau ranar da yaro ya zama direba, aka ce ga makulli. A ranar nan idon saurayi ba ya ganin komai sai fenti. In an ce masa ga sabuwar DAF ko Howo, ga kuma tsohuwar Mack, ba ya ko tsayawa jin sauran bayani. Ni kuwa na fahimci cewa abin da zai yanke wa direba hukuncin yadda zai rayu, har da ko zai rayu ɗin, shi ne yadda a ke biyansa. Akwai mai ba da albashin wata tare da kuɗin hanya. Akwai mai biya bisa kowane zuwa, in ka je Ikko ka dawo ga naka, in ba ka je ba babu. Akwai kuma mai cewa kai dai ka nemi lodi da kanka, ka sha mai, ka sallami 'yan kamasho, ka kawo mini balas kaza. Na farko ya fi ƙarancin kuɗi a ido, shi ya sa samari su ke gudunsa. Amma a duba abin da sauran biyun su ke haifarwa. Mutumin da abincin iyalinsa ya rataya ga yawan zuwan da ya yi a wata, barci ya zama masa asara. Kowace sa'a da ya kwanta, kuɗi ne ya bari. Shi ne za ka gani ya taso daga Apapa bayan ya yi kwanaki a layi, ya bi Badun da Ogbomosho da Ilori, ya haye gadar Jabba, ya wuce Makwa, bai runtsa ba, yana neman ya sauke a Kano ya sake juyawa. Muna ganinsa sai mu ce direbobin nan ba su da hankali. Hankalinsa ƙalau ya ke, lissafi ne aka ɗora masa wanda ba ya fita sai da ganganci.

Doka ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a sa'a a kan babban titi mai tagwayen hanya, kuma tun watan Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Duk wannan daidai ne. Ɗalibin da ya yi kimiyya ya san cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ta ke bukata kafin ta tsaya ta kan ninka huɗu, ga shi kuwa muna zancen motar da ta ɗauki buhun siminti 600, watau tan 30, wata ma 900, watau tan 45. Amma na'ura ba ta gyara lissafin da na ambata a sama. Muddin mai mota zai saka wa wanda ya dawo da wuri, ya kuma harari wanda ya kwana a hanya, to, za a sami bakaniken da zai kwance na'urar. Don haka tambayar farko da direba zai yi wa mai son ɗaukarsa ita ce: kwana nawa ka ke ba mota ta je ta dawo? In amsar ba ta bar wurin barci ba, sauran zancen duk ado ne.

Tambaya ta biyu ita ce ta mai. A shekarar 2022 kaɗai, litar man gas ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen 800, daga baya ma ta haura dubu. Tun daga lokacin mai ya zama tushen yawancin rigimar da ke tsakanin masu motoci da direbobinsu. Mai mota ya kan yanke cewa lita kaza ta isa zuwa Fatakwal, bisa ga abin da motar ta ke sha tana sabuwa a kan titi mai kyau. Ba ya lissafa tsufan injin, ko ramuka, ko cunkoson da za a kwana ana ja, ko zagayen da a kan yi in hanya ta yanke, kamar yadda ya faru a 2017 sa'ad da gadar Tatabu da ke tsakanin Makwa da Jabba ta rufta, ko shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Birnin Gwari har motoci da yawa suka koma bin Bidda da Lambata. In man bai isa ba, daga aljihun direba za a cike. Daga nan sai direba ya fara neman hanyar fanshewa. Ya kashe giya a gangara don ya rage shan mai, wanda kuwa babu abin da ya fi shi haɗari ga mota mai lodi. Ya ɗauki fasinja a kan buhuna. Ya ƙara lodin da mai mota bai sani ba. In ya sami rara kuma ya zuƙe ya sayar wa 'yan bumburutu. Mutumin da ya shiga aiki da gaskiyarsa, kafin shekara ta zagayo ya zama ɓarawon dole, kuma da zarar ya saba, ko an gyara masa lissafi ba zai daina ba.

Akwai kuma abin da ba a tambaya da baki, da ido a ke ganinsa. Wanda aka yi wa tayin aiki ya je garejin da motocin mutumin su ke tsayawa, ya durƙusa ya dubi tayoyi. Taya ba ta ƙarya. In ya ga sun suɗe har waya ta fito, ko an yi musu sabon zane da wuƙa don a ce suna da sauran rai, ya san cewa ranar da zai buga waya daga daji ya ce birki yana zubar da iska, amsar da zai ji ita ce, "Lallaɓa ka ƙaraso." Kalmar nan ta lallaɓa ta kashe mutane da yawa a ƙasar nan. Sa'an nan ya nemi direban da ya bar wurin, ya saya masa shayi, ya saurara. Ya kuma yi tambayar da mutanenmu ba su son yi don gudun a ce sun yi mugun fata: da direbanku ya yi haɗari, wa ya je ofishin 'yan sanda? Wa ya biya asibiti? Wanda ya rasu a bakin aiki, me aka kai wa matarsa bayan buhun shinkafar sadakar uku? Mai motar kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, domin yana da amsa.

Wane ne ya fi, babban kamfani ko Alhajin unguwa mai mota biyu? A nan ra'ayin waɗanda na tambaya ya rabu, kuma kowa da hujjarsa. Kamfani yana da albashi da takarda da garejin gyara, wani ma da asibiti. Amma ba ya sanin fuskarka, lamba ce kai, kuma na'urar da ya liƙa wa mota tana gaya masa duk inda ka tsaya. In kaya suka yi ƙasa da abin da ke rubuce, za a cire a albashinka ba tare da an ji ta bakinka ba. Da yawa kuma ba su ne su ke ɗaukar direba kai tsaye ba, wani ɗan kwangila ne a tsakani, ranar wahala sai kowa ya nuna ɗan'uwansa. Alhajin unguwa kuwa ya san ubanka, zai zo sunan ɗanka da rago, wataƙila ma wata rana ya sayar maka da tsohuwar motar ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma ta haka ne da yawa daga cikin manyan masu motocin Arewa suka tashi. Sai dai alherinsa ba shi da ma'auni, rowarsa ma haka, kuma in ya rasu magada ba su san alkawarin da ya yi maka a zaure ba. Nawa ra'ayin shi ne, ga sabon direba wanda bai yi suna ba, wurin da ke da tsari da gyaran mota ya fi masa, ko da kuɗin bai kai ba, domin shekarun farko na koyon hanya ne da tsira da rai. Wanda ya ƙware, ya san 'yan kamasho, ya san inda lodi ya ke, shi ne zai iya cinikin balas da kowa ba a cuce shi ba.

Ko wanne aka zaɓa, a rubuta. Na san wannan magana tana da nauyi a al'adarmu, domin in ka ce wa babba a yi takarda kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Amma sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi cewa mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Direba nawa ne suka taɓa jin wannan? Abin takaicin ma shi ne, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi wanda a ke biya bisa kamasho ko bisa yawan aikin da ya yi ba. Watau yawancin direbobin ƙasar nan suna wajen katangar. Saboda haka in takardar lauya ta yi nauyi, a yi ta zaure: a zauna gaban shugaban reshen ƙungiya da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, a rubuta a fallen takarda ko nawa ne albashi, ko lita nawa ce ta kowace hanya, wa zai biya faci da tara da giɓin kaya, kowa ya riƙe kwafi. A nan ne mu masu ilmin boko za mu yi wa 'yan'uwanmu amfani. Ma'aikacin da ya ke rubuta wa Gwamnati takardu tun safe har yamma bai kamata ya bar ƙanensa ya karɓi motar miliyoyi da fatar baki ba.

Ƙungiya ma abar dubawa ce. Direbobi suna da NURTW wadda aka kafa a 1978, masu tankokin mai suna da reshensu a ƙarƙashin NUPENG, masu motoci kuma suna da NARTO. Ina da ƙorafi a kan ƙungiyoyin nan, musamman yadda karɓar kuɗin tikiti ya fi kula da lafiyar mamba ƙarfi a wasu rassa. Duk da haka, direban da motarsa ta lalace a Okene ko aka tsare shi a Anacha ya san darajar katin da ke aljihunsa. Yajin aikin da NUPENG ta shiga a watan Satumba na 2025, a kan batun shigar direbobin sababbin tankokin matatar Dangote cikin ƙungiya, ya nuna cewa maganar ba ƙarama ba ce. Mai neman aiki ya tambaya tun farko ko an yarda ya riƙe katinsa.

Ba zan yi adalci ba in ban faɗi ta bakin masu motoci ba. Wani da na zauna da shi ya ce, "Malam, ku masu rubutu kullum direba ne abin tausayi. Ni na ci bashi na sayi kai da bodi, na damƙa wa mutum dukiyar da ta fi gidana tsada, ya tafi inda ba na ganinsa. Ya canza mini sabuwar taya da tsohuwa a hanya, ya ce fashewa ta yi. Ya ba yaron da bai iya ba sitiyari, shi ya kwanta a baya." Gaskiya ya faɗa, kuma ga shingaye barkatai da masu karɓar haraji iri-iri da su ke tatsar motar tun daga tashi har sauka. Amma wannan ma hujja ce a kan abin da na ke faɗi. Inda babu tsari, mai gaskiya a kowane ɓangare shi ne ya ke biyan bashin maƙaryacin ɗaya ɓangaren. Mai motar da aka taɓa cuta sai ya matse wa sabon direba, sabon direban da aka matse sai ya koyi cuta.

Shekarun farko fa, me ya ke kayar da samari a cikinsu? Na ɗaya barci, da abin da a ke sha don a kore shi. A kan fara da goro da shayi mai kauri, daga nan a koma ƙwaya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, Hukumar NDLEA kuma ba ta fasa kama tiramadol ba, amma wanda ya tsaya a manyan zangunan tireloli da dare ya san ba a rasa mai tallan abin a faranti. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, buɗe ido kawai ta ke yi alhali kwanya ta riga ta kwanta, shi ya sa za ka ji an ce mota ta bar hannunta a miƙaƙƙen titi babu ko alamar taka birki. Na biyu shi ne rashin sanin gangara. Mota mai lodi ba a saukar da ita da birki, da ƙaramar giya a ke saukar da ita, domin birkin da aka danne tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa. Duk direban da ya taɓa sauka Hawan Kibo daga Jos da cikakken lodi ya san wannan karatu, wanda bai sani ba kuwa ba ya samun damar maimaitawa. Tanka ma tana da nata halin, domin ruwan da ke cikinta yana tunkuɗa gaba in an taka birki, yana kuma kwantawa gefe a kan kwana. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone, da na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a watan Janairu na 2025, inda aka rasa fiye da 80, ya isa ya sa a daina ba ɗan koyo tanka. Bayan su ne hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris na 2025. Ni a ganina bai kamata a ba mutum tankar mai ba sai ya yi shekaru yana jan busasshen kaya ba tare da tabo ba.

Lodi fiye da kima kuwa laifin da mu ke yi wa kanmu ne gaba ɗaya. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke kan gatarin taya ya ninka biyu, ɓarnar da ya ke yi wa kwalta ta kan ninka wajen sau goma sha shida. Titin da aka yi don shekara ashirin sai ya mutu cikin biyar, sa'an nan ramukansa su karya wa mai motar sifirin, su cinye wa direban kwanaki. Sabon direba ba shi da bakin ƙin lodi, in ya ƙi akwai goma a bayansa masu jiran makullin. Wannan aikin hukuma ne, da ma'aunin nauyi a bakin masana'antu da ma'ajiyoyi inda a ke yin lodin, kuma a ci tarar mai kaya da mai mota, a daina tsayawa a kan na bayan sitiyari kaɗai. Ina kuma roƙon Gwamnatocin Jihohi su dubi Cibiyar Fasahar Sufuri da ke Zariya, wadda ta ke nan tun 1986, su haɗa hannu da ita da ƙungiyoyi a riƙa ba yaran mota horo na 'yan makonni da takardar shaida, yadda abin da suka koya a tasha zai sami hatimi. Muna kashe kuɗi wajen koya wa matasa sana'o'in da babu mai nemansu, ga wadda a ke nema ido rufe mun bar ta a hannun sa'a.

Sai kuɗi. Saurayin da bai taɓa riƙe dubu ashirin tasa ba, yau ga shi da kuɗin hanya cike da aljihu, a garin da babu wanda ya san shi. Ba sai na fayyace ba, masu karatu manya ne. Dattijon nan da na ambata ya ce shi abin da ya cece shi adashi ne da ya shiga tun watansa na farko, da kuma ɗabi'ar miƙa wa mahaifiyarsa rabin abin da ya samu kafin ya cire takalmi. Ya kuma yi gargaɗi a kan yawan sauya iyayen gida. Duniyar manyan motoci ƙarama ce, labari ya kan riga mota isa gari. Wanda ya yi shekara uku a wuri ɗaya ya bar shi da sallama, ya mayar da makulli da jak da safaya a gaban shaidu, ba zai nemi aiki ba, aiki ne zai neme shi.

Da mako biyun suka cika na koma wurin Yaya. Na gaya mata abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, ban rage ba. Mun sami wani direba mai jan hatsi daga Dawanau zuwa Badun, wanda ya lissafa mini mutum biyar da ya yaye, na kuwa nemi biyu daga cikinsu na ji ta bakinsu. Na duba tayoyin motar da kaina, har bakaniken wurin yana yi mini dariya. Aka zauna a ofishin reshe aka rubuta cewa za a fara ba yaron sitiyari kafin shekara ta cika, kuma zai nemi lasinsa ta ƙofar gaba in lokaci ya yi. Uwarsa ta ƙara nata sharaɗin, cewa takardar difilomar a wurinta za ta zauna, cikin akwatin ƙarfe, kuma duk inda suka yada zango ya kira ta. Daren jiya ya kira daga Jabba, ya ce sun tsaya za su kwana, maigidan nasa ya ce ba ya haye gada da gyangyaɗi.